Babi na Tara: Adana Kayan Itace na Gida da Yi Masu Fenti a Ƙasar Gezawa

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sana'ar sassaƙa da ta kafinta, da irin kayayyakin da masu waɗannan sana'o'i suke samar wa al'umma. Wannan babi zai dubi abin da yake biyo bayan aikinsu, wato yadda ake kula da kayan itacen da suke tsaye a waje, rana ta doke su, ruwa ya doke su. An zaɓi ƙasar Gezawa ta jihar Kano a matsayin misali, domin wuri ne da itace yake da daraja ƙwarai. Babban abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, fenti shi ne mataki na ƙarshe a wajen adana itace, kuma ba ya amfani sai an cika matakan da suke gabansa.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) kawo sunayen kayan itacen da ake samu a ciki da wajen gidan Bahaushe;
(b) bayyana abubuwan da suke lalata itace da yadda suke yin ɓarnar;
(c) bambance dabarun adanawa na gargajiya da na zamani;
(d) tsara matakan yin fenti bi da bi;
(e) fayyace haɗarin da ke tattare da wasu magunguna da wasu nau'o'in fenti.

9.2 Ƙasar Gezawa da Matsayin Itace a Cikinta

Ƙaramar hukumar Gezawa tana arewa maso gabas da birnin Kano. Daga cikin garuruwanta akwai Gezawa da Jogana da Babawa da Tsamiya Babba da Wangara da kuma Tumbau. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 340, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 282,069. Idan aka raba wannan adadi, za a ga fiye da mutum 800 ne suke zaune a kan kowane murabba'in kilomita ɗaya.

Wannan cunkoso ya daɗe yana jan hankalin masana. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya fitar da nazari a kan karkarar da ta kewaye Kano tun a shekarar 1965, daga baya kuma ya yi bincike mai tsawo a Tumbau. Abin da irin waɗannan nazarce-nazarce suka nuna shi ne, kusan duk ƙasar da za ta nomu ana noma ta kowace shekara, kuma manoma da kansu suke renon itatuwan da ke cikin gonakinsu.

Ma'anar wannan ita ce, babu wani dajin Allah da mutum zai shiga da gatari ya saro abin da yake so. Kowace ɗorawa da tsamiya da kuka da darbejiya tana da mai ita, kuma gadonta ake yi kamar yadda ake gadon gona. Wanda dirkar rumfarsa ta karye, ko dai ya sari reshen itacen gonarsa, ko ya sa hannu a aljihu. Saboda haka a irin wannan wuri kula da itace tattalin dukiya ne.

9.3 Kayan Itacen da Suke Zama a Waje

Kayan itacen da ake magana a kansu a nan sun kasu gida uku.

Kashi na farko shi ne waɗanda ake kafawa a ƙasa. A nan ake samun dirka, wato itace mai baki biyu da ake kafawa domin ya ɗauki rumfa. Da turken dabbobi. Da itatuwan da suke riƙe danga ko darni, waɗanda ake haɗa su da tanka. Da kuma gungumen da ake ɗora rumbun kara a kansu.

Kashi na biyu shi ne waɗanda suke jikin gini. Daga ciki akwai azara, wadda ake tsagowa daga giginya domin rufin soro. Da indararo na itace. Da ƙyauren zaure da tagogi. Da katakon da ake buga kwanon rufi a kansa, irin su tubaitu da tubaifo.

Kashi na uku shi ne waɗanda ake ɗagawa daga wuri zuwa wuri, kamar bencin ƙofar gida da tsani da akurkin kaji da teburin mai tireda.

Wannan rabo yana da amfani, domin kowane kashi da inda ajalinsa yake fitowa. Na kashin farko daga gindi suke mutuwa, na biyu daga inda ruwa yake yoyo, na uku kuwa rana da sakaci ne suke gamawa da su.

9.4 Abubuwan da Suke Lalata Itace

9.4.1 Gara

Gara ita ce babbar abokiyar gabar itace a ƙasar Hausa. Tana zaune ne a ƙarƙashin ƙasa ko a cikin suri, inda uwarsu take ta zuba ƙwai, ma'aikata kuma suna fita neman abinci. Gara ba ta jure haske da bushewar iska, shi ya sa take gina 'yar hanya ta laka a jikin bango ko dirka, ta bi ta ciki. Idan ta sami itace, sai ta cinye cikinsa ta bar bayansa lafiya lau. Wannan ne ya sa ake ganin ƙyaure da kyan gani, amma da an danna shi da yatsa sai ya burma. Fitowar shinge bayan ruwan farko alama ce ta cewa akwai gidan gara a kusa, domin shinge gara ce mai fiffike da ta fito neman wurin kafa sabon gida.

9.4.2 Danshi

Ruɓewa aikin wasu ƙananan halittu ne dangin fumfuna, waɗanda ba sa rayuwa sai da laima. Masana itace sun tabbatar da cewa idan ruwan da ke jikin itace bai kai kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa ba, ba ya ruɓewa. Wurin da ya fi haɗari a jikin dirka shi ne daidai inda ta haɗu da fuskar ƙasa, domin a nan ne danshi da iska suke haɗuwa. Duk wanda ya tumɓuke tsohuwar dirka zai ga a nan ta sirance kamar wuya, alhali samanta yana nan da ƙarfinsa.

9.4.3 Rana da Hunturu

Itace yana kumbura idan ya sha danshi, ya kuma tsuke idan ya bushe. A watan Agusta ƙyaure yakan ƙi rufuwa, a watan Janairu kuwa a riƙa hango waje ta tsakanin katakonsa. Wannan kai da komo na kowace shekara shi yake tsaga itace, ya sassauta ƙusa, ya ɓamɓare fenti. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Haka abin yake ga itace, ta tsagar ruwa da ƙwari suke shiga.

9.4.4 Ƙwari Masu Huda

Akwai ƙananan ƙwari da suke yin ƙwai a jikin itace, tsutsarsu ta riƙa ci tana zubo da gari mai laushi. Sun fi son itacen da aka bar shi da ɓawonsa, da kuma farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo. Ganin garin itace a ƙarƙashin benci ko rumfa da safe shi ne shaidar suna ciki.

9.5 Dabarun Gargajiya

9.5.1 Zaɓen Itace

Hikimar magabata ta fara ne daga zaɓe. Ƙirya itace ne mai tauri da nauyi wanda gara ba ta cika yi masa illa ba, shi ya sa ake son sa wajen turke da turmi. Marke yana ba da dirka mai ƙarfi. Giginya kuwa ɓangarenta na waje mai baƙin zare shi ne azara ta ƙwarai, cikinta mai taushi ba shi da ƙarko, kuma magina sun fi yabon azarar giginya namiji. Shaidar ƙarkon azara tana nan a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, da kuma Gidan Makama na Kano. A ɗaya ɓangaren, kuka ba ta aikin gini sam, gawo kuma yana saurin kama ƙwari.

Da yake ƙirya da giginya sun yi wuya a ƙasar Kano, yawancin dirkokin yau na darbejiya ne. Asalin wannan itace ƙasar Indiya ne, an kuma fara dasa shi a lardin Barno a shekarar 1928, daga nan ya bazu a arewa. Zuciyar tsohuwar darbejiya tana jure ƙwari, amma ƙananan rassan da aka fi sarowa yawancinsu farin itace ne, don haka suna bukatar kariya.

Katakon kafinta kuwa daga kudancin ƙasar nan ake kawo shi, a sauke a kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Katakon loko yana jure ruwa da gara, amma yana da tsada. Farin katako mara nauyi yana da araha, sai dai ba ya daɗewa a waje. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata.

9.5.2 Lokacin Sara da Busarwa

An fi son a sari itace da rani, a ɓare ɓawonsa nan take, a jingine shi ko a jera shi a inuwa a kan duwatsu, yadda iska za ta ratsa. Busarwa a tsakiyar rana tana sa bayan itace ya bushe kafin cikinsa, sai ya tsage. Wanda ya kafa ɗanyen itace ko ya shafa masa fenti, ya kulle ruwa ne a cikinsa.

9.5.3 Babbake Gindi da Raba Itace da Ƙasa

Kafin a kafa dirka akan babbake gindinta a wuta har bayanta ya zama gawayi. Ana ƙona duk abin da zai shiga rami, a ƙara kamar taƙi ɗaya a sama, domin a rufe wurin nan mai haɗari. Wasu sukan zuba toka a ramin. Wannan dabara tana jinkirta ɓarna, amma ba ta hana ta gaba ɗaya. Abin da ya fi ta ƙarfi shi ne raba itace da ƙasa. Dalilin da ya sa ake ɗora rumbu a kan duwatsu ke nan: danshi ba ya hawa, iska tana wucewa ta ƙarƙashi, kuma idan gara ta gina hanya a jikin dutse za a gan ta.

9.5.4 Yaɓe

Azarar da ke cikin rufin soro ba ta bukatar shafe-shafe, kariyarta ita ce ƙasar da ta lulluɓe ta. Saboda haka ake yaɓe rufi da katanga kafin damina, a haɗa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Masu hali a da sukan yi amfani da laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara. Muddin rufi bai yi yoyo ba, kuma indararo bai toshe ba, azara takan yi shekaru aru-aru.

9.6 Dabarun Zamani

Zuwan kwano da katako ya zo da sababbin hanyoyi. Akwai magungunan shafawa na kanti, irin su Solignum, waɗanda suke ratsa katako su kashe ƙwari. Akwai kwalta, wadda ake narkarwa a shafa a gindin dirka. Akwai kuma baƙin mai, wato man injin da aka juye, wanda mutanen karkara suka fi amfani da shi saboda araha. Wasu kuma sukan yi wa dirka gindin siminti. Wannan yana da kyau idan aka tudunta simintin yadda ruwa zai gangare, amma idan aka bar shi da kwari sai ya zama kaskon da zai riƙe ruwa a gindin itacen.

Wajibi ne a fahimci bambanci tsakanin magani da fenti. Magani yana shiga cikin itace, fenti kuwa riga ce da take tare ruwa da zafin rana daga waje. Gara ba ta bi ta kan fenti, ta ƙarƙashi take shiga. Don haka magani ake fara shafawa, a bari ya bushe sarai, sannan a yi fenti. Haka kuma fenti ba ya kama wurin da aka shafa wa baƙin mai ko kwalta, sai a taƙaita su ga ɓangaren da zai shiga ƙasa.

9.7 Matakan Yin Fenti

Fenti iri biyu aka fi sani: fentin ruwa, wanda ake yi wa bango, da fentin mai, mai sheƙi, wanda shi ya dace da katakon waje. Ga matakan aikin:

1. Dubawa. A ƙwanƙwasa katakon, a tsokane shi da ƙusa. Duk inda ya yi ƙarar kogo ko ya burma, sai a yanke a sauya. Fenti ba ya rayar da mataccen katako.

2. Kankarewa. A kankare tsohon fentin da ya ɗaɗɗago, a goge da takarda mai yashi ta kafintoci, ana bin tsawon zaren katako, sannan a share ƙurar da tsumma.

3. Cike tsaga. A cike ramukan ƙusa da tsagogi. Kafintoci sukan kwaɓa garin katako da gam domin wannan aiki.

4. Shafin farko. Wannan shi ne tushe, shi katako yake sha. Idan babu fentin da aka yi musamman domin shafin farko, akan ɗan tsinka fentin mai da tina.

5. Shafi na biyu da na uku. A bar kowane shafi ya kwana ya bushe kafin a ƙara wani. Shafi biyu marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri, domin mai kauri yakan yi zubi, ya yamutse, ya ɓare da wuri.

6. Rufe kai da gindi. Bakin katako, wato inda zarto ya yanka, ya fi ko'ina shan ruwa. Yawancin masu fenti sukan bar ƙarƙashin ƙyaure da ƙafafun benci domin ido ba ya kaiwa, alhali ta nan ruɓewa take farawa. Ya kyautu a cire ƙyauren a kwantar da shi a shafe ko'ina.

Dangane da lokaci, bai dace a yi fenti da damina ba, domin katako yana ɗauke da danshi, fentin zai kumbura. Haka nan ranar da hazo ya sauka ƙura takan manne a jikin ɗanyen fenti. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen kaka, bayan katako ya bushe, ko kuma da bazara kafin ruwa ya sauka, da hantsi ko da la'asar. Launi mai haske ya fi baƙi daɗewa, domin ba ya ɗaukar zafi sosai.

A al'adance an fi yin fenti idan salla ta gabato ko za a kawo amarya. Wannan ba laifi ba ne, illa dai gaggawar biki takan sa a tsallake matakai uku na farko, a lulluɓe ɓarnar gara da sabon launi.

9.8 Kulawa Bisa Yanayin Shekara

Da kaka, kafin a zuba sabon hatsi, a duba gindin rumbu da gungumensa. Rumbun da ya kife bayan an cika shi asarar abincin shekara ce. Da ɗari a sari itacen da za a bukata, a busar. Da bazara a yi yaɓe, a fasa indararo, a girgiza kowace dirka, a ƙara ƙusa a kwano, domin guguwar farkon damina ita take yaye rufin da katakonsa ya ci. Da damina kuwa a riƙa kankare hanyar gara, a janye benci da tsani daga inda ruwa yake zuba, kada kuma a tara kara ko itacen girki a jikin ƙyaure ko dirka.

Wannan aiki na kowa ne a gida. Matan gida su ne suka fi saurin ganin hanyar gara a lokacin shara, maigida da samari su suke yin gyara, manyan ayyuka kamar tayar da rumfa kuwa akan kira maƙwabta a yi gayya. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba.

9.9 Kiyaye Lafiya

Wasu nau'o'in fentin mai, musamman tsofaffi, suna ɗauke da dalma. Dalma guba ce da take lalata ƙwaƙwalwar yara. An ga munin ta a jihar Zamfara a shekarar 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Ko da yake waccan dalma daga dutsen zinariya ta fito, irin gubar ce take cikin ƙurar tsohon fenti. Don haka a nisanta yara da masu juna biyu daga wurin kankara, a yayyafa ruwa domin kada ƙura ta tashi, a tattara ɓarɓashin a kawar, a kuma nemi fentin da aka rubuta cewa ba shi da dalma.

Baƙin mai da magungunan ƙwari ba a shafa su a kan turmi ko akushi ko komin dabbobi ko cikin rumbu. Ba a girki da guntayen katakon da aka yi wa fenti ko magani, kuma ba a zuba abinci ko ruwan sha a gwangwanin fenti. Maganin nan da aka sani da Gamalin, wanda a da ake zuba wa gara, sinadarin da ke cikinsa ya shiga jerin waɗanda aka hana a shekarar 2009, a ƙarƙashin yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Sitokhom na ƙasar Suwidin a shekarar 2001.

9.10 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa a wuri mai cunkoso irin Gezawa, inda kowane itace yake da mai shi, tsawaita ran dirka ɗaya daidai yake da barin reshe ɗaya a gona. An ga cewa gara da danshi da rana da ƙwari su ne masu ɓarna, kuma mafi yawan ɓarnar daga ƙasa take tasowa. Tsarin adanawa shi ne zaɓen itace, da busar da shi, da raba shi da ƙasa, da shafa magani, sannan fenti, sai kuma dubawa a kai a kai. Dabarun gargajiya sun fi ƙarfi a matakan farko, na zamani kuma a na ƙarshe, don haka haɗa su ya fi riƙon ɗaya.

9.11 Tambayoyin Auna Fahimta

1. A kawo ma'anar waɗannan kalmomi: dirka, tanka, azara, indararo, makuba, laso.
2. Me ya sa dirka ta fi lalacewa a daidai fuskar ƙasa?
3. A bayyana bambancin da ke tsakanin aikin magani da aikin fenti a jikin katako.
4. A tsara matakai shida na yi wa ƙyauren zaure fenti, tare da dalilin kowane mataki.
5. Wace dangantaka ce ke tsakanin yawan jama'ar Gezawa da darajar itace a can?

9.12 Jinga

Ɗalibi ya ziyarci wani masassaƙi ko magini ko kafinta a garinsu, ya tattaro sunayen itatuwa 10 da ake aikin gini ko rumfa da su, ya jera su bisa ƙarkonsu kamar yadda mai sana'ar ya faɗa, sannan ya kawo karin magana 5 da suka ambaci itace ko gara tare da bayanin ma'anarsu.